Kiristal ɗina sun fito kamar allurai, in sayi sabon kit?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na uku, wata biyar ke nan ina fama da wani furotin. Ya ba ni kiristal a cikin PEG, sinadarin da ke sa furotin ya haɗu ya zama kiristal, amma sirara ne kamar allurai, a cunkushe, kuma da aka haska su da eksire ba su nuna komai ba. Kuɗin bincikena ya kusa ƙarewa. In sayi sabon kit na gwaji ne, ko Additive Screen, wato jerin sinadaran ƙari na kamfanin Hampton Research?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, riƙe kuɗinki tukuna. Kit aikinsa lalube ne, ya nemo yanayin da furotin zai fara haɗuwa, ke kuwa kin riga kin samu. Allurai a cunkushe alama ce ta ɗigon, wato ɗan ruwan da kika haɗa furotin da PEG a ciki, ya yi ƙarfi da yawa: tsiro ya tashi wuri ɗari lokaci guda, kowanne na jan furotin, babu wanda ya ƙoshi.

Fara da shuka iri. Ki farfasa alluran, ki haɗa sababbin ɗigo da PEG ɗin da ya ɗan gaza na farko, yadda shi kaɗai ba zai fitar da komai ba. Ki nemo gashin bakin kyanwa, wanda ya faɗo da kansa, ki shafa shi a fasassun alluran, ki ja layi a ɗigon farko, ki wuce na biyu da na uku ba tare da kin sake tsomawa ba. Irin yana raguwa daga ɗigo zuwa ɗigo, kuma sau da yawa a na ƙarshen ake ganin biyu ko uku masu kauri sun jeru a kan layin. Ki ajiye farantin ɗigo ɗaya a digiri 4 na ma'aunin Celsius, ɗaya a digiri 20.

In ya zama dole a kashe kuɗi, ni a tsarkin furotin zan zuba shi. Ki bi da shi ta kolum mai tace ƙwayoyi bisa girmansu, ki ɗebi tsakiyar tudun da furotin ɗin ya zana a jadawalin na'urar kawai, ki zuba ɗigo a ranar. Furotin da ya kwana biyu ya fara dunƙulewa da wuya wani sinadari ya gyara shi. Additive Screen, da sinadaransa 96, yana da amfani, amma bayan wannan.

Sai wani abu da ya tsaya mini a rai: yaya kika daskarar da kiristal ɗin kafin a haska su da eksire? Wani lokaci kiristal lafiyarsa lau, gilisarol, sinadarin da ke kare shi daga ƙanƙara lokacin daskarewa, shi ne ya fasa shi don an tsoma shi kai tsaye cikin ruwa mai gilisarol kashi 25 cikin ɗari. Ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, sannan ki haska guda ɗaya ba tare da daskarewa ba, ki kwatanta.