Tambaya da Amsa: Ambaliyar Hadejia

Tambaya: Salam Malam, don Allah me ya sa kusan duk damina sai ruwa ya cinye mana gonaki, ta 2022 ma har gidaje, wai Kano ce ke sako mana ruwa? Manomi daga Auyo.

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Eh in dam ɗin Tiga da Challawa na Kano suka cika kogin Hadejia suke zubawa, amma ni dai na fi ganin laifin ciyawar kachala, ta toshe hanyar ruwa ga yashi ya cike kogin, to ina ruwan zai bi? Shi ya sa jama'a ke gayya suna yanke ta suna jera buhunan ƙasa a gaɓa. Ka riƙa sauraron hasashen NiMet, wato hukumar kula da yanayi, a rediyo, ka nemi irin shinkafa mai nuna da wuri.