Amsa kan tambayar "wa ya halicci Allah?"

Ɗan'uwa, ka ce abokin karatunka ya tambaye ka: in komai yana da mahalicci, wa ya halicci Allah? Ka rasa amsa, har barci ya gagare ka.

Kwantar da hankalinka, tambayar tsohuwa ce, hadisinta na cikin Bukhari da Muslim. Malaman tauhidi ba su ce komai yana da mahalicci ba, cewa suka yi duk abin da yake da farko yana buƙatar wanda ya samar da shi, Allah kuwa ba shi da farko. Wani malaminmu na zaure yakan jera tsakuwa a kan tabarma, ya ce kowace ta ari gero daga ta bayanta. In duk masu aro ne, babu mai rumbu, daga ina geron ya fito? Duba Suratu Ɗur, aya ta 35.

Hujjar da ta fi nauyi a wajen masu musun samuwar Allah, a ganina, ita ce wahalar marasa laifi. Na taɓa kwana a asibiti kusa da uwar da ɗanta mai sikila yake kuka har asuba. Ranar bakina bai iya furta wata hujja ba, ruwa kawai na miƙa mata.

Kada ka zagi abokinka. Annabi Ibrahim ma ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu (Baƙara, 260).