Amsa ga Maman Hafsa a kan ƙanƙarar citta da lemun tsami da gangamau

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maman Hafsa, tun jiya bayan isha'i na ga tambayarki, baƙi ne suka riƙe ni. Kin ce kin ga ana markaɗa citta da lemun tsami da gangamau a zuba a farantin ƙanƙara a sa a firiza, kin gwada naki ya fito da ɗaci har maigida ya tofar, kuma kina son sanin ko da gaske yana sauke hawan jini da tumbi. Shekara uku ke nan ina yin sa a nan unguwar Aboabo a Kumasi, to ga abin da hannuna ya taɓa.

Ɗacin nan ko ba ki faɗa ba na san inda ya fito: kin jefa lemun a bilenda da ɓawonsa da 'ya'yansa. Haka na yi ranar farko, saboda abin da na ga suna yi a bidiyo ke nan. Farin naman da ke ƙarƙashin ɓawo da 'ya'yan ciki su ne masu ɗacin, kuma in an markaɗe su aka bar su suka kwana sai ɗacin ya ƙaru. Su masu bidiyon yawanci babban lemun nan rawaya ne a hannunsu, mu kuwa ɗan ƙaramin koren nan ne ya cika mana kasuwa, ɓawonsa ba ya wasa. Ki mirgina shi a kan tebur da tafin hannu ya yi laushi, ki yanka ki matse ruwan kawai, ki tsame 'ya'yan. In kina son ƙamshin ɓawon, ki kankare koren saman nan na guda biyu kawai, kada ki kai ga farin.

Citta kuwa ɗanya za ki nema, mai nauyi a hannu, wadda in kin karya ta za ki ji ƙas, ruwa ya fito. Wadda ta yi yaushi ta yanƙwane zare ne kawai a cikinta. Mu a Kumasi Allah ya hutar da mu, tunda ana noma ta a ɓangaren Nkawie da Gyankobaa, ba nisa. Ni a kasuwar Kejetia nake saye kashi-kashi in na shiga gari. In matar ba ta jin Hausa ki ce mata akakaduro. Gangamau, wanda wasu ke kira kurkum ko kurkur, su a wurinsu akakaduro kokoo ne, wato jar citta. Ɗanyensa kamar 'yan yatsun yaro yake, ciki jawur kamar karas. Shi na fi so a kan gari, domin gari ba ki san abin da aka cuɗa a ciki ba. A Bangaladesh an taɓa kama ana zuba wa garin kurkum wani rini mai gubar dalma don launin ya fito. Ban ce haka ake yi a nan ba, amma abin da na fere da hannuna ya fi kwantar mini da hankali.

Ma'aunina ba na asibiti ba ne. Citta cike da tafin hannu biyu, kamar giram 200. Gangamau yatsu biyar. Ƙananan lemun tsami 15, in manya ne biyar sun isa. Ruwa rabin ledar piya wata, wato mililita 250. Wannan yana cika mini faranti biyu masu gurbi 12, ƙanƙara 24 ke nan, kusan wata guda in ni kaɗai ce.

Da bayan cokali nake kankare citta, wuƙa tana cinye nama. In yanka sirara a gicciye don zaren ya gutsuttsure, in ba haka ba ya naɗe wuƙar bilenda. In markaɗa su da ruwan nan shi kaɗai, lemun tsami yana gefe tukuna. Ranar da babu wuta, turmi ko asanka, kaskon niƙan nan na ƙasa, sun wadatar, sai dai gumi. Sannan tacewa, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin ganganci. Rariya ba ta isa ba, ki sami farin ƙyalle mai tsabta irin na tace koko, ki murɗa ki matse har sai tuƙar ta bushe a hannunki. In kin bar ruwan ya tsaya minti goma za ki ga wani farin abu ya kwanta a ƙasan kwano kamar gasara. Sitacin citta ne, ba datti ba. Ki riƙa juyawa kina zubawa, in ba haka ba ƙanƙarar farko ta fito kamar ruwa, ta ƙarshe kuma ta fito da zafin da zai sa ki hawaye. Tuƙar ma kada ki zubar. Ni nakan shanya ta in ajiye don kokon safe, ko in jefa a tukunyar sobolo, wato zoɓo.

Bayan an tace ne ake haɗa ruwan lemun. Ina barbaɗa masoro dakakke kamar rabin ƙaramin cokali, kuma akwai dalili. Abin da ke ba gangamau launinsa, wanda ake yabonsa a kansa, sunansa kurkumin, bai fi kashi uku cikin ɗari na garin ba a galibi, kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai, yawancinsa wucewa yake yi. A 1998 an yi wani gwaji a Bangalor ta Indiya, aka ba mutane giram 2 na kurkumin tare da miligiram 20 na sinadarin da ke cikin baƙin barkono, sai abin da ya shiga jini ya ninka kusan sau 20. Masoronmu, wanda Asantawa ke kira soro wisa, ɗan'uwan baƙin barkonon nan ne, yana da wannan sinadarin. Amma fa ki lura, su tataccen kurkumin suka bayar har giram 2. Abin da ke cikin ƙanƙara ɗaya tamu ko kusa bai kai ba. Kuma da maiƙo yake narkewa ba da ruwa ba, shi ya sa na fi shan nawa tare da karin kumallo, ga ƙosai ko wace, wato shinkafa da wake, a gefe.

Zuma kada ki sa ta a farantin. Na taɓa sawa, ƙanƙarar ta ƙi daskarewa da kyau, ta tsaya tana danƙo kamar alewa. Sai lokacin sha.

Ki kiyayi launin gangamau, ƙanwata. Ranar farko da farin mayafina na sallar Juma'a a wuya na tsaya tacewa, ya fallatsa. Na ruga na goga sabulu, wurin ya tashi daga rawaya ya koma ja kamar jini, na ce shi ke nan mayafi ya tafi. Ashe haka yake yi in ya gamu da sabulu ko kanwa. Wata tsohuwa a gidanmu ta ce in wanke in shimfiɗa a rana. Kwana biyu tabon ya ɓace, rana ce maganinsa. Amma farar roba da kofin bilenda sun rinu ke nan, ki ware musu faranti nasu. Na roba mai laushin nan da ake turo ƙanƙara ta ƙasa ya fi. Farce kuwa kwana uku za a yi ana tambayarki wane irin lalle ne wannan.

In sun kwana sun daskare, ki ciro su ki zuba a leda mai zif ko roba mai murfi. In kin bar su a buɗe za su kwashe ƙarnin kifi da naman da ke firiza, shayi mai warin tilapiya kuwa ba ya shawuwa. A firizar da ke riƙe sanyi sukan yi wata biyu zuwa uku ƙamshinsu bai gudu ba. Matsalarmu dai dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Ba kamar na 2015 ba, amma har yanzu wuta takan yi tafiyarta. Akwai lokacin da muka je biki Tamale, muka dawo na tarar ledar ta narke ta yoyo, ƙasan firiza ya zama rawaya, kajin da na ajiye duk sun sha rini. Tun daga nan a can ƙasa nake tura su tsakanin ledojin ruwa da suka daskare, in an ɗauke wuta kuma ba mai buɗe firiza. In kin ga sun narke sun sake haɗewa dunƙule ɗaya, ba ki san awa nawa suka yi da ɗumi ba, ga kuma ruwan nama a kusa, zubarwa ya fi.

Shan sa ba wuya. Ɗaya a kofi, ruwan zafi a kai, amma ba wanda ke tafarfasa ba, don zafi mai yawa yana lalata bitamin C na lemun. Ki bar butar ta huce kaɗan, ƙanƙarar ma za ta ƙara sanyaya shi. Da azumi nakan jefa biyu a jug ɗin lamurje. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu da ƙura ke shaƙe maƙogwaro, yara ma sukan nema, sai in tsinka musu sosai. Jaririn da bai cika shekara ba dai ba a ba shi zuma. Bayan kin sha ki kurkure baki da ruwa, kada ki yi buroshi nan take, tsami yana tausasa bayan haƙori.

Sai maganar hawan jini da tumbi. Maman Hafsa, tumbina yana nan inda yake shekara uku. Abin da na sani citta tana yi shi ne kwantar da tashin zuciya da kumburin ciki, da ɗumama ƙirji in mura ta kama, wannan kakanninmu ma sun sani. Amfanin daskarewar kuma shi ne citta ba ta ruɓe miki a kwando, da asuba ba sai kin tsaya kankara da daka ba alhali yara na jiran a shirya su makaranta. Iyakarsa ke nan a wurina.

Ina da goggo a Asawase da ta ji an ce wannan haɗin yana wanke jini, ta ajiye ƙwayoyinta na hawan jini wata guda ba ta gaya wa kowa ba. Jiri ne ya kayar da ita a bakin famfo, aka kwashe ta zuwa asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. In maigida na kan magani ya ci gaba da shan abinsa, wannan shayi ne kawai. In kuma yana shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko yana da tsakuwa a matsarmama, ya tambayi likitansa kafin ya mai da shi na kullum, domin citta da gangamau suna iya ƙara tsinka jini, gangamau kuma yana motsa matsarmama. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi kada ya sha cikinsa wayam. Mai juna biyu ɗan kaɗan ba laifi, amma ta faɗa a wurin awo.

Na farkon naki da ya yi ɗaci kuma, in bai ƙare ba kada ki zubar. Ki narkar da uku ki cuɗa da gishiri da tafarnuwa ki shafe kifi ko kaza kafin suya, ɗacin ba ya fitowa a nan. In kin sake yi ki turo mana hoto mu ga launin, da na farcen.