An ba 'yata maganin masu dashen ƙoda, shin gwaji aka yi da ita?

Barista, assalamu alaikum. Ina da yarinya 'yar shekara 11. Tun bara take fama da kumburin fuska da ƙafa da ciwon gaɓoɓi, ga wasu ƙuraje da suka feso mata a kumatu. Mun sha yawon asibiti kafin a ce mana cutar lufus ce, wai garkuwar jikinta ce ta juyo tana yaƙar jikin, har ta taɓa mata ƙoda. A wani asibitin gwamnati a nan cikin gari aka ɗora ta a kan firednisolon da wani magani da ake kira maikofenolet. Bayan wata biyu sai zazzaɓi mai zafi da gudawa suka kwantar da ita, aka ba ta gado, aka ce fararen ƙwayoyin jininta sun yi ƙasa sosai. Ƙanina ya karanta takardar da ke cikin kwalin maganin, ya ce na waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ne, babu inda aka ambaci lufus. Ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Mahaifiyarta ta ce a daina ba ta, dangi kuma suna cewa gwaji aka yi da ita irin na shekarun baya. Ina da hurumin kai ƙara?

Wani mahaifi daga Hotoro

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yarinya lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Kafin mu taɓa maganar kotu, don Allah ka rarrashi maiɗakinka kada a tsayar da maganin nan a gida. Jikin da ya daɗe yana samun firednisolon yakan rage samar da nasa sinadarin, shi ya sa ake janye shi a hankali a hannun likita. Yanke shi rana ɗaya na iya jefa yaro cikin mawuyacin hali, ga kuma lufus ɗin da zai samu damar sake tasowa a kan ƙodar. Ta ɓangaren shari'a ma illa ce gare ku, domin in jikinta ya rikice bayan kun daina, abu na farko da lauyan asibiti zai ce shi ne ku kuka jawo. Kuma ikon uba na ƙin magani a madadin ɗansa yana da iyaka. A shari'ar Esabunor da Faweya a 2019, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa kotu na iya ba da umarnin yi wa yaro magani ko da iyayensa sun ƙi, matuƙar ransa na cikin haɗari. Idan hankalinku bai kwanta da maganin ba, likita ne zai rage ko ya sauya.

Abin da ƙaninka ya karanta gaskiya ne, amma bai nuna an yi laifi ba. Takardar cikin kwali tana ɗauke ne da cututtukan da kamfani ya nemi rajistar maganinsa a kansu. A 1995 aka amince da maikofenolet a Amurka don hana jiki ƙin karɓar ƙodar da aka dasa, kuma yana yin haka ne ta hanyar rage ƙarfin garkuwar jiki. To mai lufus ma abin da yake bukata ke nan, tunda garkuwar ce ta yi masa tawaye. Daga baya likitoci suka yi bincike a kan masu lufus na ƙoda suka ga yana aiki, har ya zama ƙungiyar KDIGO, wadda likitocin ƙoda na duniya ke bin ƙa'idojinta, ta sa shi cikin magungunan farko na wannan cuta a jagorarta ta 2024. Magungunan yara da yawa haka suke. Kamfanoni sun daɗe suna gwada magani a kan manya kaɗai, ga shi cututtuka irin wannan ba su da yawa a yara, babu ribar da za ta ja su su kashe kuɗin sabuwar rajista. Sai da Amurka ta yi dokoki a 2002 da 2003, Tarayyar Turai ma tata ta fara aiki a 2007, don a matsa musu su riƙa bincike a kan yara. A Najeriya NAFDAC tana kula da rajistar magani da shigo da shi da tallarsa da sayar da shi. Abin da likita ya rubuta wa majinyacinsa kuwa yana ƙarƙashin ƙa'idojin aikin likita ne, kuma rubuta magani mai rajista don wata cuta da ba ta cikin takardarsa ba laifi ba ne a karan kansa, muddin akwai hujjar ilimi a bayansa.

Ban ga laifin danginku ba da zuciyarsu ta tafi ga gwaji. Mutumin Kano yana da dalilinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana a kan yara kusan 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. An yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, kamfanin ya musanta yin ba daidai ba, a ƙarshe aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Sai dai doka ta raba abubuwan biyu. Gwaji shi ne a sa yaro cikin wani shiri da aka tsara don tattara sakamako a gano abin da ba a sani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 32, ta shardanta rubutacciyar yarda kafin a yi bincike a kan mutum, in yaro ne kuwa yardar iyaye ko mai riƙonsa, kuma akwai kwamitocin ɗa'a da ke tantance kowane bincike kafin a fara. Idan ba a ba ka wata takardar bincike ka sa hannu ba, ba a ba yarinyar lambar shiga wani shiri ba, kuma da kuɗinka kake sayen maganin a kanti, to alamu sun fi nuna magani ake yi mata. Duk da haka kana da damar tambayar asibitin a rubuce ko sunanta na cikin wani bincike, su kuma ba ka amsa a rubuce.

Inda maganarka take da nauyi shi ne cewar da ka yi ba wanda ya gaya maka. Sashe na 23 na wannan doka ya ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin bayyana halin da majinyaci ke ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace hanya, da kuma damar ƙin amincewa, cikin harshen da mutum yake ji, matuƙar hakan zai yiwu. Ke nan a yi maka bayani da Hausa haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Maganin da ke rage garkuwar jiki, dole a faɗa wa iyaye cewa zazzaɓi a jikin yaron ba na jira ba ne, a nisanta shi da mai ƙyanda ko ƙarambau, kada a yi masa wata allurar rigakafi sai da sanin likitansa. Tunda kuma 'ya mace ce da ke dab da girma, ya kamata ku sani tun yanzu cewa maikofenolet yana jawo ɓari da nakasa ga jariri, saboda haka maganar aure da ciki nan gaba sai an zauna da likita. Na san layin asibitocinmu, na san likita ɗaya kan ga mutane da yawa kafin azahar, amma cunkoso bai ɗauke wannan nauyi ba. Gaskiyar da zan ƙara maka ita ce, rashin bayani shi kaɗai da wuya ya kai ga diyya mai kauri. Alƙali zai tambaya, da an yi maka bayanin, da ka ƙi? Alhali ɗaya maganin da ake amfani da shi a irin wannan hali, saikulofosfamaid, shi ma yana rage ƙwayoyin jini, yana kuma iya taɓa haihuwa.

Sai yawan abin da aka ba ta. Ba a auna wa yaro irin wannan magani da ido ko da shekaru. Ana haɗa tsayinsa da nauyinsa a fitar da faɗin jikinsa, a kansa ake lissafi. Abin da aka fi sani shi ne kimanin miligiram 600 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, sau biyu a rana, likita kuma ya ƙara ko ya rage gwargwadon hali. Yarinya mai kilo 30 da tsayin santimita 135, faɗin jikinta bai wuce murabba'in mita ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Don haka a duba katinta: an hau da ita sikeli an rubuta nauyi da tsayi a ranar da aka fara? Ka kuma ɗauko kwalayen da kuka saya ka jera su. Maganin iri biyu ne a kasuwa. Akwai irin CellCept mai 250 da 500, akwai irin Myfortic mai 180 da 360, kuma lambobinsu ba sa tafiya daidai, 720 na wannan shi ne kwatankwacin 1,000 na wancan. Idan likita ya rubuta ɗaya, mai kanti ya miƙo ɗaya ya ce ai duk ɗaya ne, to mai yiwuwa kuskuren ba a ofishin likita ya faru ba. Mai kemis na unguwa ba shi da izinin sayar da irin wannan magani ma sam, kuma hukumar PCN mai kula da masu harhaɗa magunguna ce ke karɓar ƙorafi a kan haka. Idan kuma kuna zargin jabu ne, NAFDAC za a kai wa kwalin da lambar da ke jikinsa.

Na uku shi ne bibiya, kuma a nan ne galibi irin wannan ƙara take tsayawa ko ta faɗi. Raguwar fararen ƙwayoyin jini da gudawa sanannun illolin maganin ne, suna iya faruwa ko da an yi komai daidai. Shi ya sa ake yawaita gwajin jini a watannin farko. Idan wata biyu suka wuce ba a rubuta muku gwaji ko ɗaya ba, ko an yi gwajin ya nuna jini na sauka amma ba wanda ya duba, akwai magana. Idan kuwa an rubuta, rashin kuɗi ko wani uzuri ya hana ku yi, ka faɗa wa lauyanka tun farko, kada ya fara jin haka a bakin abokin shari'a.

Ma'aunin da kotu ke amfani da shi shi ne: me ƙwararren likita mai kula zai yi a irin wannan hali? Asalinsa shari'ar Bolam ce ta Ingila a 1957, kotunanmu kuma sun ɗauke shi. Kai mai ƙara kai ne za ka kawo hujjar cewa an yi sakaci kuma sakacin ne ya jawo cutarwar, wanda yawanci sai da shaidar wani likitan. A shari'ar Ojo da Gharoro a 2006, guntun allura ne ya karye ya zauna a cikin wata mata bayan tiyata, amma Kotun Ƙoli ta ce ba a tabbatar da sakaci ba. Malamanmu na fiƙihu ma a kusa da nan suka tsaya. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, malamai kuma suka ce masani da aka ba izini, ya yi aikinsa bisa ƙa'ida, ba a bin sa diyyar abin da ya biyo baya.

Shawarata ita ce ka fara da takarda, ba da sammaci ba. Ka rubuta wa shugaban asibitin kana neman kwafin fayil ɗin yarinyar da sakamakon gwaje-gwajenta da rahoton likita, ka riƙe kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa. Dokar Lafiya ta wajabta musu adana bayanan majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ba mutum damar neman kwafin bayanansa, kai ne kuma mai tsaya wa 'yarka. Ka adana rasit da kwalaye da katin sallama. Da waɗannan sai ka nemi ra'ayin wani likitan yara masanin ƙoda. Idan ba can kuke zuwa ba, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wuri ne da za a nema. Wannan zai amfani lafiyarta, zai kuma nuna mana ko akwai ƙara.

Idan fayil ya nuna gazawa, sashe na 30 na Dokar Lafiya ya ba ka damar shigar da ƙorafi a asibitin a bincika. Idan asibitin na jiha ne, akwai Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano a samansa. Kana iya kai likitan gaban hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ta hanyar takardar rantsuwa. Kwamitinta na bincike zai duba, in ya ga hujja ya tura wa kotun ladabtarwa, wadda ke iya jan kunne ko dakatarwa ko soke suna daga rajista. Amma ba ta ba da ko sisi. Diyyar kuɗin magani da wahalar da yarinya ta sha sai a Babbar Kotu, ko a teburin sulhu, wanda ni na fi so a irin wannan lamari, domin lufus ciwo ne na dogon zango, kuma likitocin da suka san shi a yara ba su da yawa a garin nan. Za ku daɗe kuna bukatar juna.

Abu ɗaya ne ba ya jira. Tunda asibitin gwamnati ne, dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, daga ranar da abin ya faru ko ranar da cutarwa mai ci gaba ta tsaya. Kotuna sun yi wasu togaciya, amma kada ka dogara da su. Wasu hukumomin ma dokar da ta kafa su ta ce sai an ba su sanarwa kafin a kai su kotu, wannan ma yana cin kwanaki, kuma ƙorafin da ka kai asibiti ko MDCN ba ya tsayar da lissafin. Saboda haka ka rubuta ranar da aka fara maganin, da ranar da aka kwantar da ita, da ranar sallama, ka kai wa lauya cikin makon nan tare da kwalayen. Idan babu halin ɗaukar lauya, ka je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke nan Kano su duba ko za su karɓa.