Daga gasar yanki zuwa Elite One a Arewacin Kamaru

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaramin kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Garwa zai iya hawa har ya kara da Coton Sport, babban kulob ɗin garin. Zai iya, amma da jan aiki.

A ƙarƙashin FECAFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru, wadda Samuel Eto'o ya karɓi shugabancinta a 2021, akwai Elite One (rukuni na ɗaya, inda Coton Sport take) da Elite Two (rukuni na biyu), sannan gasar yankuna goma. Namu uku ne: Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa. Cin kofin yanki bai isa ba. Sai zakaran ya je Interpoules ya fafata da zakarun sauran yankuna, can ake rabon gurbin Elite Two, daga nan kuma sai neman hawa Elite One.

Kada ka sa ran albashi. Da yawa daga cikin yaran ɗalibai ne ko 'yan acaɓa. Da la'asar su ɗaura takalmi a filin ƙura, in an ci wasa shugaban kulob ya zaro ɗan abin da ya sawwaƙa daga aljihunsa. A ganina kuɗin motar zuwa wasan waje ke karya ƙungiyoyi, ba rashin gwanaye ba. Coton Sport kuwa kamfanin auduga na SODECOTON ne gatanta, har ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, Al Ahly ta doke ta.