Tambaya da Amsa: Ina zan hau keke in sha iska a Birnin Kebbi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu. Ni malamin makaranta ne nan Birnin Kebbi, tun da aka cire tallafin mai a 2023 na jingine mashin ɗina na ɗauko tsohon keken babanmu na gyara, to wallahi daɗinshi nake ji har ranar da babu aiki ma so nake in fita. Amma abokai sai dariya suke min wai na koma baya. Don Allah yaya aka yi keke ya shigo ƙasar nan, kuma wace hanya zan bi in sha iska ba tare da mota ta kwashe ni ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka raya abin mahaifinka. Masu dariyan nan yara ne, ba su ga lokacin da mai keke yake shigowa gari ana leƙowa ta katanga ba.

Asalinshi dai daga Turai ne. A 1817 wani Bajamushe Karl von Drais ya ƙera na katako wanda ko feda babu, da ƙafa ake tura ƙasa. Irin wanda muka sani yau, taya biyu daidai wa daida da kaca tana jan ta baya, a Ingila aka fito da shi a 1885, sannan a 1888 Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Mu kuma zamanin Turawa ya iso mana ta hannun kamfanonin ciniki, kuma wanda ya yi suna shi ne Raleigh na garin Nottingham, mu dai Rali muke cewa, har masana'antarshi aka yi a Kano. Daga baya Phoenix na Chaina ya cika kasuwa don ya fi sauƙin kuɗi.

Ni na tashi na tarar da Ralin babana, baƙi mai rufaffiyar kaca da fitilar nan da ke gugar taya ta kawo wuta, ya naɗe bodin kaf da leda mai launi don kada fenti ya goge, kullum bayan sallar asuba sai ya sa tsumma ya bi shi lungu lungu kafin ya sha kunu, kuma ko mu ɗiyanshi ba mai taɓa ƙararrawar sai da izini. Malamin makaranta, malamin asibiti, ɗan kasuwa mai cin kasuwar Jega, duk keke ne. Har lasin ake yanka mishi wurin En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamanin. Mu yara kuma wurin mai keken haya muka koya, ka ba da 'yan kwabbanka a duba agogo, ka zura ƙafa ta tsakiyar bodi don ba ka kai sirdi ba. Mashin mai araha da kabu-kabu ne suka zo suka ture shi, sai aka fara kallon mai keke kamar wanda ya rasa, kuma wannan kallon yana min ciwo har raina.

An yi ƙoƙarin dawo da shi. Ojo Maduekwe da yake ministan sufuri zamanin Obasanjo ya riƙa hawa keke zuwa aiki a Abuja, mutane suka yi ta surutu, to amma ba a yi wa masu keke hanyarsu ba balle a bi shi. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni ranar keke ta duniya. A 2024 kuma Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke na Olamfik a Faris, kuma sai da Jamusawa suka ara mata keke ta yi wani tseren, abin da ya kamata ya dame mu.

To batun hanya. Fara da gajere, ka gangara wajen Dukku bakin fadama da sassafe, musamman lokacin sanyi in shinkafar rani ta yi kore shar, hazo kwance kan ruwa, masunta na fitowa da gora da koma, ƙasar shimfiɗe take babu hawa mai wahala. Sai dai kan turbar gona akwai tsidau da ƙaya, kada ka fita babu famfo da kayan faci. In ƙafa ta saba sai ka gwada hanyar Kalgo ka je ka dawo kafin rana ta yi zafi. Babbar tafiya ita ce Argungu ta Ambursa, ta ɗan haura kilomita 50, wannan kam ba ta mutum ɗaya ba ce, ku haɗu ku uku ko huɗu ku tashi da asuba, ku huta a Matan Fada inda ake bikin kamun kifi, ku leƙa gidan tarihi na Kanta, in gajiya ta yi yawa ku ɗora kekunan a mota ku dawo.

Titin Jega ban ba ka shawara ba, manyan motoci sun yi yawa. Daji mai nisa kuma, da halin tsaron da ake ciki, kada ka shiga sai ka tambayi mutanen wurin, kuma ko ina za ka a san da fitarka a gida. Watan Maris da Afrilu ƙarfe 9 ta yi maka a inuwa, da gorar ruwa biyu a kariya. Ka sa riga mai haske, ka nemi hular kwano, sannan tunda keken ya daɗe a jingine kai shi wurin mai gyara ya canza robar birki ya duba tayoyin ko sun tsattsage kafin ka doshi Argungu.