Shin haddace salon Najdorf zai taimake ni a gaban wanda ya fi ni maki?

Tambaya: Malam, makina a wasan ces 1500 ne, kuma a gasa mai zuwa zan riƙe baƙaƙen 'ya'ya a gaban mai maki 1700 wanda kullum da e4 (tura sojan gaban sarki gida biyu) yake buɗe wasa. Shin in haddace salon Najdorf?

Amsa: Ɗan'uwa, kada tazarar makin ta karya maka gwiwa. A lissafin makin 'yan wasa na Arpad Elo, wanda hukumar wasan ces ta duniya, FIDE, ta karɓa a 1970, bambancin maki 200 na nufin na sama zai kwashe kusan kashi 76 cikin ɗari na sakamako idan an kara sau da yawa, ke nan kai ma kana da rabonka.

Najdorf reshe ne na kariyar Sisiliya, kuma sunan gwani Miguel Najdorf na Ajantina ya ci. Mai fari ya tura e4, ka amsa da c5. Bayan dokinsa ya hau f3 ka sa d6, ya tura d4, ka ci, ya rama da doki. Dokinka ya je f6, nasa na biyu ya je c3, sannan ka tura soja zuwa a6. Wannan ɗan takun na biyar shi ne zuciyar salon, domin yana hana 'ya'yan fari sauka a gidan b5, yana kuma share maka hanyar tura b5 da e5. Ribarka ita ce sojoji biyu a tsakiya da layin c da ya buɗe ta ɓangarenka. Farashin kuwa, da zarar ka tura e5, gidan d5 ya zama rauni da sai ka yi ta gadinsa har ƙarshen wasa.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne hadda ba tare da fahimtar waɗannan dalilai ba, domin a wannan salo kuskure ɗaya kan rusa komai. Bobby Fischer, wanda ya daɗe yana buga shi, ya sha kaye da shi a hannun Boris Spassky a wasa na 11 na karawarsu ta neman zakaran duniya a Reykjavik a 1972, bayan sarauniyarsa ta ci sojan b2 ta rasa mafita.

Idan ka saba buga c5, ka riƙe shi, ka nazarci yadda ake tarar harin da mai fari ke kawowa da f3 da g4 bayan ya ɓoye sarkinsa a ɓangaren sarauniya. Idan ba ka saba ba, ka amsa da buɗewar da hannunka ya sani, ka fara gwada Najdorf a wasannin atisaye bayan gasar.